Darasin Wata: Mece Ce Ma'anar Kwid a Bakin Mutanen Ingila?

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ya san kuɗi suna da suna biyu. Akwai sunan da hukuma ta buga a jikinsu, akwai kuma wanda jama'a suke kiran su da shi wajen ciniki. Haka abin yake a ƙasar Birtaniya. Sunan kuɗinsu na hukuma shi ne fam, wanda dattawan ƙasar Hausa suka sani sarai, domin da shi suka biya haraji, da shi kuma suka sayar da gyaɗa da auduga kafin zuwan naira. Amma idan mutum ya sauka birnin Landan ya shiga tasi, ko ya tsaya sayen kayan miya a bakin titi, zai fi jin wata kalma dabam. Za a ce masa kwid biyar, ko kwid ashirin. Darasin wannan wata a kan wannan kalma yake.

Turawa suna rubuta ta da haruffa huɗu, wato q da u da i da d. Harafin farko ba ya cikin abacadan Hausa, saboda haka a nan an rubuta ta yadda ake furta ta, kwid.

Ma'anarta ta yau mai sauƙi ce. Kwid ɗaya fam ɗaya ne, babu ragi babu ƙari. Kwid goma fam goma ne. Kalmar hira ce da ciniki, ta tsakanin abokai da maƙwabta da abokan aiki. Talaka yana faɗin ta, attajiri ma yana faɗi, kuma ba zagi ba ce, ba kuma rashin ladabi ba. Sai dai ba a rubuta ta a takardar yarjejeniya, ko ta banki, ko ta kotu. Ba a kuma taɓa buga ta a jikin kuɗi ba. Wanda aka kawo wa takardar bashi ko ta hayar gida ya ga an rubuta kwid a wurin da ya kamata a rubuta fam, to ya dakata tukuna kafin ya sa hannu.

Akwai wani abu a kalmar da ke ba masu koyon Turanci mamaki. A ƙa'idar Turanci, idan abu ya wuce ɗaya ana ƙara masa harafin s a ƙarshe. Amma kwid ba ta karɓar wannan ƙari wajen ƙirga. Kwid ɗaya, kwid hamsin, kwid dubu, duk yadda take haka take. Wannan ba zai ba Bahaushe wuya ba, domin shi ma naira goma yake cewa, ba ya cewa nairori goma. Wuri ɗaya ne sananne da ake ƙara mata harafin, wato cikin wani salon magana da suke furtawa kwidz in. Ana faɗin haka ga wanda ciniki ya yi wa kyau, ya fita da riba mai kauri. A Hausa sai a ce kakarsa ta yanke saƙa.

Abin da kwid take nufi a da

Kalmar ta daɗe ƙwarai. An same ta a rubuce tun ƙarni na 17, kuma tana cikin wani wasan kwaikwayo da Thomas Shadwell ya fitar a shekarar 1688, wanda ya cika shi da irin maganar 'yan damfara da 'yan caca na Landan. Ke nan daga bakin 'yan tasha ta fito kafin ta shiga bakin kowa. A wancan zamani ba takarda ake nufi da ita ba. Tsabar zinariya ake nufi.

Tsabar zinariyar da take yayi a lokacin ita ce gini. An fara buga ta a shekarar 1663, zamanin Sarki Charles na Biyu. Sunanta ya samo asali ne daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, wadda Turawa suke kira Gini baki ɗayanta, domin daga nan aka riƙa kai zinariyar da ake buga ta da ita, musamman daga yankin da yake ƙasar Gana a yau. A jikin wasu daga cikin tsabobin har an zana ɗan ƙaramin hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki, alamar kamfanin da ya kawo zinariyar. Wannan kamfani na gidan sarautar Ingila shi ne kuma ya yi ƙaurin suna wajen kwasar bayi daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka.

Da aka fara buga gini, an yi nufin ta zama daidai da fam ɗaya, wato sule 20. Amma zinariya ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Kuɗin azurfa na lokacin sun lalace, mutane suna yanke gefensu suna tara abin da suka yanka, saboda haka kowa ya fi son zinariya. Darajar gini ta yi ta hawa har ta kai sule 30 a tsakiyar shekarun 1690. Sai a shekarar 1717 aka tsayar da ita a kan sule 21, bisa shawarar Isaac Newton, shahararren masanin lissafin nan, wanda shi ne shugaban gidan buga kuɗi na Ingila a lokacin. Mai karatu ya lura da abin da wannan yake nufi. Mutum biyu za su iya cewa kwid ɗaya, ɗaya a shekarar 1695 ɗaya a shekarar 1720, alhali tsakanin abin da ke hannunsu akwai bambancin sule tara.

An daina buga gini a farkon ƙarni na 19. A shekarar 1817 aka fito da sabuwar tsabar zinariya mai suna sofirin, wadda nauyinta ya kusa giram 8, darajarta kuma fam ɗaya cif. Sai sunan kwid ya koma kanta. Amma gini ba ta mutu a baki ba. Likitoci da lauyoyi da teloli na manyan mutane sun daɗe suna yanka farashinsu da ita, domin ana ganin ta fi fam martaba. Har yau a babbar kasuwar gwanjon dawakin sukuwa ta garin Newmarket da gini ake taya doki, ko da yake babu tsabar a hannun kowa. Gini ɗaya a lissafin yanzu fam ɗaya ne da fene biyar. Bisa al'ada mai saye yana biya da gini, mai doki yana karɓar fam, abin da ya hau kai kuma shi ne la'adar mai gwanjo. Idan an sallama doki a kan gini 100, mai saye zai ƙirga fam 105, mai doki ya tafi da 100, dillali ya riƙe biyar. Dillalan kara za su gane wannan tsari ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Sofirin ta yi kusan shekara ɗari tana yawo a aljihun mutane. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a shekarar 1914, gwamnati ta bukaci zinariya, sai baitulmali ya fito da takardar fam ɗaya da ta sule goma, aka riƙa janye tsabar. Kwid ta zama takarda. A shekarar 1931 Birtaniya ta daina ɗaure darajar kuɗinta da zinariya. A shekarar 1983 aka sake fito da fam ɗaya na ƙarfe, amma wannan karon ba zinariya ba ce, gaurayen ƙarfe ne mai ruwan ɗorawa, kuma Bankin Ingila ya janye takardarsa ta fam ɗaya a shekarar 1988. 'Yan jabu suka yi wa wannan tsaba caa, har gidan buga kuɗi ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowace talatin ta jabu ce. Saboda haka a shekarar 2017 aka canza ta da wata mai kusurwa 12 da launi biyu.

To, ga kalma ɗaya ta hau zinariya, ta sauka ta hau takarda, ta sauka ta hau ƙarfe. Har yanzu ana buga sofirin domin masu ajiyar zinariya, kuma a doka darajarta fam ɗaya ce. Amma wanda yake son ya saye ta sai ya ajiye ɗaruruwan fam. Wato kwid ɗin kakanni ta fi kwid ɗin jikoki sau ɗaruruwa, ga shi kuwa suna ɗaya suke amsawa.

Me ya sa kwid ta rayu, bob ta mutu?

Kwid ba ita kaɗai ba ce. Sule ma yana da sunan kasuwa, ana ce masa bob. Sisi kuma ana ce masa tana. A tsohon lissafi, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya, ke nan kwabo 240 ne a cikin fam. Wannan lissafi ya samo asali tun fiye da shekara dubu da suka wuce, lokacin da ake ɗaukar awo ɗaya na azurfa a buga tsaba 240 da shi. Sunan wannan awo a harshen Latin shi ne libra. Daga harafinsa na farko aka sami alamar fam, wato £, daga gajeren rubutunsa kuma aka sami laba, awon da aka riƙa auna nama da auduga da shi a ƙasar Hausa. Ashe fam da laba 'yan gida ɗaya ne.

Ranar 15 ga Fabrairu 1971 Birtaniya ta bar wannan tsohon lissafi. Ta bar fam yadda yake, amma ta raba shi gida 100, kowane gida ana ce masa fene. Sule ya zama fene biyar, sisi ya zama fene biyu da rabi. An ci gaba da karɓar tsabar sisi har 1980, ta sule kuma har 1990, amma sunayensu sun fita daga lissafi. Da haka bob da tana suka zama maganar tsofaffi. Kwid kuwa ko gezau, domin abin da take hawa bai motsa ba.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam. Da naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, fam aka raba biyu, kowane rabi ya zama naira ɗaya. Sule goma suka zama naira, sule ɗaya ya zama kwabo goma na sabon kuɗi. Shi ya sa aka daɗe ana ce wa kwabo goma sule, ana ce wa naira biyu fam, ana ce wa naira 200 jaka guda, domin jaka a da fam 100 ce. Su kansu kalmomin daga Turanci aka aro su. Sule da sisi da fam duk sunayen kuɗin Ingila ne da harshen Hausa ya gyara, kwabo kuwa daga sunan jan ƙarfen da ake buga shi da shi.

Kwid a wajen Ingila

A nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido, domin nan ne ake iya yin asara. Kalmar ta bi Turawa zuwa wasu ƙasashe, kuma ba ko'ina take nufin fam ɗin Ingila ba.

Tsibirin Ailan ya kasu kashi biyu. Arewacinsa yana cikin Birtaniya, da fam ɗin Ingila ake ciniki. Kudancinsa ƙasa ce mai cin gashin kanta, tana da nata fam wanda darajarsa ta rabu da ta fam ɗin Ingila a shekarar 1979, sa'an nan a shekarar 2002 ta koma amfani da yuro, kuɗin Tarayyar Turai. Mutanen Kudu sun saba kiran fam ɗinsu kwid, da yuro ya zo sai kawai suka ɗora masa sunan. Saboda haka kwid ashirin a birnin Belfast fam 20 ne, kwid ashirin a birnin Dublin yuro 20 ne, alhali tafiyar da ke tsakanin biranen biyu ba ta wuce ta awa biyu a mota ba. Tun fitowar yuro kuwa fam ɗin Ingila ya fi shi daraja a kasuwar canji. Wanda aka yi wa alkawarin lada da kwid, bai tambayi ta wane gefen iyaka ba, yana iya karɓar abin da bai kai zatonsa ba, kuma ba shi da bakin ƙara, tun da ba a yi masa ƙarya ba.

Fataken da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi sun san irin wannan. Dala a tsohon lissafin Kano sule biyu ce. A Nijar dala tana nufin sefa biyar, shi ya sa dala ashirin take sefa 100. A bakin 'yan canji kuma dala kuɗin Amurka ce. Jaka a Nijar sefa 1,000 ce, ba naira 200 ba. Ba a kulle ciniki a kasuwar iyaka sai an tabbatar da wace dala ake magana.

A Ostareliya ma an yi amfani da fam har shekarar 1966, a Niyu Zilan har 1967, kafin su koma dala. Kuɗin ya tafi amma kalmar ta saura cikin salon magana. Idan suka ce wane yana neman kwid, suna nufin yana neman abin kai wa bakin salati. Idan kuma suka ce wane bai cika kwid ba, ba zancen aljihunsa suke yi ba, suna nufin hankalinsa da saura. Hoton a fili yake: fam ne wanda sulallansa ba su kai ashirin ba.

Kwid da ba kuɗi ba

Akwai wata kwid a Turanci wadda rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya, amma ba ta da dangantaka da kasuwa. Ita wannan tana nufin ɗan curin abin da ake sawa a kumatu ana taunawa, musamman taba. Asalinta tsohuwar kalmar Turanci ce da ke nufin abin da saniya take dawo da shi baki tana tuƙa. Matuƙan jiragen ruwa na da sun shahara da tauna irin wannan taba, saboda kunna wuta a jirgin katako hatsari ne. A ƙasar Indiya da maƙwabtanta ana naɗe wani ƙwallo mai kama da goro cikin ganye tare da farar ƙasa, a sa a kumatu. Likitoci suna kiran wannan ƙunshi da wannan suna a rubuce-rubucensu, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin baki.

Likitocin dabbobi ma suna da rabonsu a kalmar. Idan doki yana cin ciyawa, ya tauna ya tauna, sai a ga yana zubar da ita curi-curi a jiƙe ba tare da ya haɗiye ba, suna kiran wannan hali kwidin. Yawanci alama ce ta haƙoran ciki sun yi kaifi suna yankar kumatu, ko wani ya ruɓe, ko tsufa ya cinye su. Dokin da ke haka yana ramewa ko da harawa ta cika masa gaba. Mai doki ko jaki da ya ga irin waɗannan curi a turke, bakin dabbar ya kamata a fara dubawa kafin a kashe kuɗi a kan maganin tsutsa.

Ta uku ita ce kwid ta harshen Latin, wadda take nufin me, ko wani abu. Tana cikin wata magana da lauyoyi da 'yan siyasa suke yawan faɗi, kwid puro kwo, wato wani abu a madadin wani abu. Da farko masu haɗa magunguna ne suke faɗin ta idan sun ba da wani magani a maimakon wanda aka rubuta. Daga baya ta koma nufin ba ni gishiri in ba ka manda.

Daga ina ta kuɗin ta fito?

Masana harshe ba su haɗu a kan asali ɗaya ba. Mafi yawansu sun fi karkata ga kwid ta Latin, domin kuɗi shi ne abin da ake bayarwa a madadin wani abu, kuma a wancan zamani ɗalibai da lauyoyi na Ingila suna cusa Latin cikin hirarsu. Wasu suna danganta ta da wata kalma ta harshen mutanen Ailan mai nufin rabo ko kaso, irin yadda soja zai ce a ba shi rabonsa ranar biyan albashi.

Akwai kuma labarin da ya fi kowanne daɗin ji, wanda ya ce sunan ya fito daga wani ƙauye mai suna Quidhampton, kusa da inda aka riƙa yin takardar buga kuɗin Bankin Ingila. Wannan labari shekaru sun ƙaryata shi. An kafa Bankin Ingila a shekarar 1694, bai kuma fitar da takardar fam ɗaya ba sai 1797. Kalmar kuwa tana rubuce tun 1688, lokacin babu bankin ma balle takardarsa, kuma zinariya take nufi. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Sauran sunayen ba sa bukatar dogon bayani. Takardar fam biyar faiba ce, ta fam goma tena. Fam 1,000 giran ne. 'Yan kasuwa da masu caca a filin sukuwa na Landan suna kiran fam 25 da sunan ƙaramin doki, fam 500 kuma da sunan biri. Baƙon da ya ji an ce mota ta tashi a kan biri uku, fam 1,500 ake nufi.

Aikin aji

Malami ya karanta waɗannan tambayoyi, ɗalibai su yi lissafin a littattafansu.

An sallama doki a kasuwar Newmarket a kan gini 2,000. Fam nawa mai saye zai biya, nawa ne kuma la'adar mai gwanjo?

A tsohon lissafi, wani ya sayar da buhun gyaɗa fam biyu da sule goma. Sule nawa ke nan duka? Naira nawa kuɗin suka zama a watan Janairu 1973?

Wani leburan gini ya yi aikin kwana biyar a Dublin, ana biyansa kwid 80 kowace rana. Ƙanensa ya yi kwana biyar a Belfast a kan kwid 80 shi ma. Wane irin kuɗi kowannensu ya karɓa, nawa ne jimlarsa, kuma wa ya fi wani samu idan suka je wurin ɗan canji?